Hidima a Bakin Kogi

'Yan'uwa, duk wanda ya zauna a ƙasar Haɗeja ya san watan Agusta da Satumba. Lokacin ne kogi ke cika, mutanen Auyo, Kafin Hausa, Guri da Kirikasamma su kwana ido biyu suna cika buhuna da ƙasa don tare ruwa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan ta sake, ciyawar kacala kuma ta toshe hanyoyinsa, sai ya nemi wata hanya ta cikin gonaki da gidaje. A 2020 da 2022 ya cinye shinkafa da gero, ya rushe ɗakunan ƙasa masu yawa.

To, ina aikin ekklesiya a nan? Jihar Jigawa tana ƙarƙashin Diyosis na Katolika na Kano, kuma Fada ɗaya ba zai iya zaga kowane gida ba. Aikin yana hannun masu ba da kansu: Zumuntar Mata, matasa, katikis, da ƙananan ƙungiyoyin majami'a.

Akwai wata ƙungiya da ya kamata mu koyi dabararta, wato ta Vincent de Paul. Wani ɗalibi mai shekara 20, Frederic Ozanam, ya kafa ta da abokansa a birnin Paris na Faransa a 1833. Ba su da dukiya. Dokarsu kuwa mai sauƙi ce. Sukan taru kowane mako, su yi addu'a, a zaga da jaka kowa ya sa hannu ba wanda ya ga abin da ɗan'uwansa ya saka. Sa'an nan su tafi biyu-biyu har gidan mai bukata, su zauna, su ji ta bakinsa. Ba sa tambayar addininsa, kuma ba sa kai labarinsa kasuwa.

Wannan zuwa gida shi ne abin da na fi so mu riƙe. Motar agaji takan zo da tabarmi da buhunan masara, a yi layi, mai ƙarfi ya samu. Gwauruwa mai kunya da tsohon da ba ya iya tsayuwa sukan koma hannu wofi. Amma wanda ya saba shiga gidajen unguwa tun da rani ya san wa ke kwana a ɗaki mai tsagewa, wa ke da ciki, wa ba shi da ɗa namiji da zai ɗauke shi in ruwa ya shigo da dare. Maƙwabtanmu a nan yawancinsu Musulmi ne, ruwa kuwa ba ya zaɓen ƙofa. Littafin sunaye ma kada ya zaɓa.

Sa'an nan a tuna, wahala ba ta janyewa tare da ruwa. Bayan baƙi sun tafi, zazzaɓin sauro da gudawa sukan biyo, rumbu kuma ba kome. Manomin fadama yana bukatar irin shinkafa, alkama, albasa ko barkono don noman rani, da wanda zai taya shi ta da bango. Mudu biyar na iri a watan Nuwamba ya fi masa amfani bisa bargo na uku.

Saboda haka kada Zumuntar Mata ta jira damina. A fara jakar a wannan wata, a raba unguwanni biyu-biyu, a gaishe da mai unguwa tukuna kafin a shiga gidajen mutanensa.