Martani: Lissafi Bai Taɓa Kashe Basira Ba

Malam, na karanta maƙalarka inda ka ce mawaƙin da ya tsaya koyon lissafi da karanta yarjejeniya ya zubar da mutuncin basirarsa. Ban yarda ba, ko kaɗan.

Ka manta zamanin kaset da faifan CD a Ƙofar Wambai? Yaro ya kwana a situdiyo yana rera waƙar fim, furodusa ya danƙa masa 'yan canji a hannu, shi ke nan. Fim ya yi kasuwa, waƙa ta zaga Kano har Maraɗi, mai ita kuwa yana neman kuɗin mota. Babu takarda, babu shaida. Yau in ciwo ya kwantar da wasu daga cikin mawaƙan nan sai an yi musu karo-karo, kai kuma kana kiran wannan mutunci!

Dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 tana kare mai waƙa, amma wanda ya rattaba hannu a yarjejeniya bai karanta ba, ya sayar da haƙƙinsa. Kuɗin YouTube ma asusun mai tasha suke faɗawa, ko muryar wa ce a ciki. Wa zai koya wa yaron nan tambayar kasonsa kafin ya tsaya gaban makirufo, alhali irinku na ce masa abin kunya ne?