FILIN WASANNI: Jifan Kibau Sai Da Lissafi

Wasan jifan ƙananan kibau, wanda Turawa ke kira dats, ya samo asali ne daga mashayun ƙasar Ingila, amma yau ya zama sana'ar da ake cin maƙudan kuɗi da ita. A shekarar 1984 wani Bature mai suna John Lowe ya gama wasa da kibau 9 kacal a gaban talabijin, aka ba shi Fam 102,000. Duk da haka, sau da yawa lissafi ke kayar da gwani, alhali kuwa hannunsa bai saɓa ba.

Ga yadda abin yake. Faifan da ake jifa an raba shi gida 20. Kibiyar da ta faɗa siririn zoben bakin faifai tana cin riɓi biyu na lambar gidan, ta zoben ciki riɓi uku, tsakiyar faifai kuwa maki 50. Kowane ɗan wasa yana farawa da maki 501, ya jefa kibau uku a kowane zagaye, ana ɗebe abin da ya ci har ya kai sifiri. Sharaɗi shi ne kibiyar ƙarshe ta faɗa zoben riɓi biyu ko tsakiya. Wanda ya zarce abin da ya rage masa, ko ya bar maki 1, jifansa na wannan zagaye ya tashi a banza, a mai da shi inda yake.

Saboda haka ɗan wasa mai hankali yakan yi lissafi tun kibiya tana hannunsa. A misali, mutum yana da saura 189, kibiya ɗaya ta rage masa. In ya jefa gidan 20 bisa al'ada, saura 169, lambar da kibau uku ba su iya gamawa. In ya jefa 19 kuwa, saura 170, wadda ake gamawa da 60, da 60, da 50. Lambobi bakwai ke da wannan tarko, watau 169, 168, 166, 165, 163, 162 da 159, kuma wajibi ne a haddace su.

Haka nan gwanaye sukan so su bar wa kansu 32. In aka nufi riɓin 16 aka sami 16 zalla, sai a koma riɓin 8, wanda ke maƙwabtaka da shi a faifai, daga nan 4, da 2, da 1. Wanda ya bar 38 kuwa, in ya kuskure ya ci 19 zalla, dole ya ɓarnatar da kibiya guda kafin ya sake samun lambar da ke rabuwa biyu. José de Sousa na ƙasar Fotugal, wanda ya ci babbar gasar Grand Slam a 2020, ya yi suna wajen irin wannan lissafin dokin Rano, har 'yan kallo sukan riƙe baki.

Shi ma mai rubuta maki yana da nasa nauyi. Ƙa'ida ita ce kada a zare kibau sai an faɗi maki an rubuta, domin da zarar an zare su shaida ta gushe. Ya rubuta abin da aka ci da abin da ya rage, kowa yana gani. Yana iya gaya wa ɗan wasa saura nawa in an tambaye shi, amma ba ya gaya masa gidan da zai jefa. A dokokin gasa da yawa, kuskuren da ba a gyara ba kafin mai shi ya sake jifa ya zauna ke nan, ko da ya cuci wani.

Don haka mai koyon wannan wasa ya haddace riɓin 17, 18, 19 da 20 kamar yadda ɗan makaranta ke haddace jadawalin sau, ya kuma duba allo kafin ya taka layi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.