Gona da Gida: Bindigar Harbin Mugun Dawa

Mu mazauna birnin Katsina masu noma a ƙauye mun san ɓarnar gadu, wato mugun dawa. Yini guda ya ishe shi tone rogo da dankalin da aka sha wahala a kai.

To, wace bindiga ta dace da shi? Ƙananan harsasan da muke harbin zabi da fakara ba su kā da shi. Babban namiji yakan wuce kilo 100, in kuwa rauni kaɗai ka yi masa, yana iya juyowa kanka da haure. Adaka, kafin ka sāke ɗura albarushi ya iso. Gara mai baki biyu, lamba 12, da harsashi mai dalma guda.

Kada mu yi kwaɗayin .303, gama dokar bindigogi ta 1959 ta lasafta ta cikin na soja. Sauran ma sai da lasin. Dajin Rugu kuwa mu ƙyale shi, saboda 'yan fashin daji.

Rogon da aka tone, baɗi a dasa wani. Amma yara ba su da wani uba.