RA'AYINMU: Tukunyar da Ke Bayan Ɗaki



An gama yankan dawa, iskar hunturu ta sauko daga Bebeji har ta kai duwatsun Riruwai, kowa kuma ya san Kirsimeti ya ƙarato. Mata suna lissafin shinkafa da kaji, yara suna jiran ɗinki. Amma akwai wani shiri da ake yi a bayan ɗaki wanda ba a kawo zancensa a taron dattawa. A wasu gidajenmu na Kiru, Tudun Wada da Doguwa, tun saura kwana goma biki ake jiƙa jar dawa, a baza ta a lulluɓe har ta yi tsiro.

Tsiro ba laifi ba ne. Da shi iyayenmu mata suke sa kunun zaƙi ya yi daɗi ko babu sukari. A niƙa gero da citta, kanumfari, masoro da ɗan barkono, a dama, a zuba tsiron, a rufe ya kwana, da safe a tace. Wanda ya sha shi bayan sujadar asuba cikin sanyin Disamba ya san albarkarsa. To, da tsiron nan ne kuma ake yin burukutu: a dafa, a bari ya huce, a zuba masa ragowar tsohuwar giya, a ƙyale shi yana kumfa kamar kwana biyu, sai zaƙin ya juye ya zama abin maye. Abin da ya dame mu shi ne sabon salon da muke jin labarinsa, wato a cika wa burukutu citta da kanumfari don warin ya ɓace, a ɗura a jarka, a kawo wurin biki ana cewa "kunun manya ne, maganin sanyi". Wa ake ruɗi? Yaran da aka hana su taɓa jarkar sun riga sun gane.

Mun sani ikilisiyoyinmu ba bakinsu ɗaya ba a kan sha. ECWA, HEKAN da Baptis sun hana membobinsu, 'yan'uwanmu Katolika kuwa buguwa suke tsawata wa. Ba aikin wannan ƙungiya ba ne ta raba gardamar. Masu kawo hujja da bikin Kana, ko shawarar Bulus ga Timoti saboda ciwon cikinsa, ba ƙarya suka karanta ba. Sai dai su ƙara buɗe Romawa sura 14, inda manzon nan ya koyar cewa abin da ya halatta ma ana barinsa idan zai sa ɗan'uwa tuntuɓe.

Mu kuma tuna inda muke zaune. Jihar Kano ta ƙaddamar da Shari'a a 2000, aka kafa Hukumar Hisba a 2003, a 2004 kuma aka sa hannu a dokar hana giya wadda ta haɗa har da wanda ba Musulmi ba. Shugabannin Kirista sun sha yin ƙorafi a kan haka, mu ma muna da ra'ayinmu. Amma matar da aka kama da tukunya a ƙauye, ƙorafin ba zai fitar da ita ranar Kirsimeti ba, ikilisiyar da ba ta gama biyan albashin fasto ba ita ce za ta shiga neman kuɗin beli. Mu ba 'yan Sabon Gari ba ne da ke da yawa. A wani ƙauyen gida uku ne kacal na masu bi. Waɗanda suka ga ƙone majami'u a Tudun Wada a watan Satumba 2007 sun san ba giya ce ta jawo shi ba, sun kuma san yadda ƙaramar magana take zama wuta. Bugagge ɗaya ya fito kasuwa yana zage-zage ranar 26 ga wata, ba sunansa za a kira ba, za a ce Kiristoci ne.

Akwai kuma tarihinmu. Yawancinmu jikokin Maguzawa ne. A wurin kakanninmu giya ce ake ba 'yan gayya, da ita ake aure, ita ake zubawa a wurin tsafi. Dattawa da yawa suna tuna ranar da aka fasa tukunyar gidansu bayan baftisma. Har yau akwai maƙwabtan da suke ganin ba mu sauya komai ba sai suna. Da wace fuska za mu aika musu da tuwon biki, kamar yadda su ma suke aiko mana da na Salla, alhali suna jin warin tsami daga bayan danga?

Duk da haka kada dattawa su ɗauka horo kaɗai ya gama magana. Yawancin masu dafawa ba mashaya ba ne. Gwauraye ne da matan da mazajensu suka tafi ci-rani, waɗanda da ribar tukunyar nan suke biyan kuɗin makaranta a watan Janairu. A tsayar da irin wannan mace gaban jama'a a dakatar da ita daga Jibin Ubangiji, mazan da suka ba ta kuɗin ajo suna zaune a benci na gaba, wannan ba adalci ba ne, kuma mun ga an yi.

Roƙonmu ga kowace ikilisiya shi ne, fasto da dattijo ɗaya, tare da shugabar Zumuntar Mata, su ziyarci gidajen nan kafin tsakiyar Disamba, a asirce, ba daga bagade ba. A ware wani abu daga baikon godiyar kaka, a ba matan nan kwangilar kunun zaƙi, zoɓo da lemon citta na bikin ikilisiya duka, a biya su rabin kuɗi tun kafin su jiƙa hatsi. Kunun kuma a dama shi ranar jajibere, a sha shi ranar biki, abin da ya ragu a raba wa maƙwabta kafin ya kwana biyu.