Bijimin Sifaniya Yana Da Suna Da Asali, Namu Fa?

'Yan uwa fatake, dillalai da mahauta, na nan gida Bangui da waɗanda takardar nan za ta tarar a Garwa-Bulai, Ngaundere, Sido, Mubi ko Wudil. Allah ya sa wa kasuwa albarka, amin.

Akwai wani ƙorafi da ya daɗe yana zagaya majalisunmu a nan Kilomita Biyar, wai wasu manya da furfura a gemu sun ɗauki kallon wasan bijimai na ƙasar Sifaniya a waya, har suna ƙirga watanninsa kamar yadda yara ke ƙirga wasannin ƙwallo. To, da mu ake, kuma mun ji. Mun ga ya fi kyau mu ba da amsa a rubuce, domin a cikin maganar akwai abin da ya shafi tukunyar kowa, har da wanda bai taɓa leƙawa ba.

Ga wanda bai san abin ba, kakar wasan tana da zagaye kamar na kasuwanninmu. A watan Maris ake buɗe ta sosai a Balansiya. Afrilu a koma Sabiya, garin da malamanmu suka sani da Ishbiliya a tarihin Andalus. Mayu na Madrid ne, inda ake shafe kusan wata guda ana yi a dandalin Las Ventas mai cin mutum wajen 23,000. Daga 7 zuwa 14 ga Yuli kuwa sai Pamplona, inda ake sakin bijimai a cikin lungu mutane na gudu a gabansu, ƙarfe 8 na safe agogonsu, wato ƙarfe 7 a nan Bangui, daidai lokacin shayi. A Oktoba a rufe a Saragosa. Kowace yamma bijimai 6 ne da 'yan wasa 3, kowa biyu. Dokarsu ta ce sai bijimi ya cika shekara 4 bai kai 6 ba, a manyan dandali kuma kada nauyinsa ya gaza kilo 460.

Abin da ake yi wa dabbar a fage kam ba mu da bakin kare shi. Mahayin doki ya soka masa mashi a doron wuya don ya sauke kai, a kafa masa sanduna masu ƙugiya, a yi ta juya shi da ƙyalle har ya galabaita, sannan a zura masa takobi tsakanin kafaɗu. Duk yaron da ya kai hadisi na 17 a Arba'una ya san an umarce mu da kyautata yanka da wasa wuƙa, kuma an hana mayar da abu mai rai abin gwada makami. Wanda ya karanta Risala ya san dabbar da aka yi wa raunin da ba za ta rayu ba, yanka ba ya halatta ta. A 1987 Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta zauna ta ce wasan haramun ne. Su kansu masu abin bakinsu bai zo ɗaya ba: yankin Kataloniya ya hana shi a 2010, kotun tsarin mulki ta soke hanin a 2016, ƙasar Kolombiya kuma ta yi dokar hana shi a 2024. Saboda haka wanda ya ce takobin muke sha'awa bai zauna kusa da mu ba. Idan an zo nan, kife wayar muke yi.

Kuma ai Bahaushe ba baƙon bijimi ba ne da sai ya je Turai koyon tsayawa gabansa. Muna da hawan ƙaho, wasan rundawa, wanda mahauta ke yi a ƙasar Kano da Katsina da Zazzau a jajibirin Salla, ko ranar naɗin Sarkin Fawa, ko bikin wani babban mahauci. A zaɓo bijimi mai faɗa, a ɗaura masa igiya gaba da baya, samari su riƙe, masu kalangu su ɗauki take. Ɗan wasa ya fito ya yi kirari, ya tunkari bijimin ba doki, ba mashi, ba takobi, ya kama ƙaho ya kwanta a tsakaninsu, bijimi na wujijjiga shi yana nan maƙale, jama'a na yi masa liƙi. In an tashi a kai dabbar kwata a yanka ta da bisimilla, mutane su ci naman Salla halal. Wallahi wajen jarumta, mai hannu biyu kawai ya fi mai takobi. Ba mu ce wasan ba shi da laifi ba. Layu da guraye da ake dogara da su ba abin da za mu sa hannu ba ne, haka dukan dabba da murɗe mata wutsiya don ta fusata. Ko ta fuskar kuɗi ma, kowane mahauci ya san san da aka wahalar kafin yanka namansa duhu yake yi, ba ya jure ajiya, fatar kuma ta sha rauni. Amma waɗannan abubuwa ne masu gyaruwa. Abin tausayi shi ne da yawa cikin samarinmu na Kilomita Biyar, jikokin mahauta, sun san sunan garuruwan Sifaniya amma ba su taɓa jin kalangu yana kiran bijimi ba.

To mene ne ke zaunar da mu gaban wayar? Minti biyun farko ne, lokacin da aka buɗe ƙofa bijimi ya fito da ƙarfinsa. Kafin ya fito ana ɗaga allo: ga garken da ya fito, ga lambarsa, ga nauyinsa, ga wata da shekarar da aka haife shi. A jikinsa akwai tambarin gidan da lambar shekara, a kunnensa akwai tsagar gidan. Yana da suna, kuma sunan daga na uwarsa aka ɗauko. Ɗan wasan da suka fi ji da shi, Manolete, ya mutu a garin Linares a Agustan 1947. Yau kusan shekara 80, amma ka tambayi kowane mai bin wasan zai ce maka bijimin da ya soke shi Islero ne, ɗan Islera, daga garken Miura, gidan da ke kiwon iri ɗaya tun 1842. Kun ji fa, ba a manta da sunan saniya ba.

Yadda suke zaɓe ma abin lura ne. Bijimin da za a kai fage ba a nuna masa ƙyalle ko sau ɗaya, domin yana da wayo, in ya gane ba ya sake bin ƙyalle sai mutum. Don haka uwa ake gwadawa. Karsana 'yar shekara biyu a shigar da ita ƙaramin fage a ga halinta, mai garke na zaune da littafi yana rubutawa. Wadda ta ci ta zama uwa, wadda ta faɗi a kai ta kwata. Sannan suna da abin da muka fi so a duk wasan, wato afuwa. Idan bijimi ya nuna abin da ba a saba gani ba, 'yan kallo su yi ta kaɗa ƙyalle har shugaban dandali ya fito da hankici ruwan lemo, shi ke nan an yafe masa. Haka aka yi a Sabiya a Afrilun 2016 da wani bijimi mai suna Cobradiezmos na garken Victorino Martín. Aka mayar da shi gida, aka yi jinyar raunukansa, aka sake shi cikin shanu ya ba da iri. Ko a tsakiyar wasan kisa, mutanen nan sun san akwai bijimin da ya fi ƙarfin wuƙa.

Wannan ilimi ba Bature ne ya ƙago shi ba. Fulanin da suka shigo ƙasar nan ta Kamaru a shekarun 1920 suka sauka wajajen Buwar da Bokaranga, da shi suka zo. A wurinsu ma sunan maraƙa bin uwa yake yi, kuma tsohon ardo zai tsaya gaban jar saniya ya lissafa maka uwarta da kakarta da kakar kakarta, ya gaya maka wane gida ne mai nono, wanne ne mai jure tafiya, wanne ne ke fara jin ƙanshin ruwa. Rahaji mai dogon ƙaho, farar Bunaji, Gudali mai nama, duk ba da ka suka zama abin da suke ba, zaɓe ne na kaka da kakanni. Bambancin guda ne: na Sifaniya yana cikin littafi, namu yana cikin kan dattijo, shi kuwa dattijo ba ya dawwama.

Kuma kun san abin da ya sami dattawan da garkunansu. Bushiya ta 1983 ta yi ɓarna. Bayanta zargina suka shekara da shekaru suna sace 'ya'yan makiyaya, uba ya ɗebo mafi kyawun shanunsa ya kawo kara don ya fanshi ɗansa. Sai kuma abin da ya faro a Disambar 2013, wanda ba sai mun tuna wa mutumin Kilomita Biyar ba. Garkuna suka watse, wasu aka yanka a daji, wasu suka tsallaka Kamaru da Cadi, masu su suka ƙare a sansanin gudun hijira irin su Gado da Lolo. Waɗanda suka dawo bayan yarjejeniyar Fabrairun 2019 da yawa sun dawo ne da tsintattun shanu, wannan daga nan, waccan daga can, ba wanda ya san uwar wata.

A nan ne maganar ta zo kanmu. Makiyayin da ke son tayar da garke abin da ya fi bukata shi ne bijimin kirki, domin guda ɗaya yana iya sauya fuskar garke cikin 'yan shekaru. Amma ita kasuwa ba ta tambayar uwa. Tozo take dubawa da cinya, ta ƙiyasta kilo, ta yi ciniki. Bijimin da ya fi kowa ƙira shi ne ya fi kowa nama, saboda haka shi ne na farkon hawa mota, in ƙahon ya yi tsawo a datse shi don a sami wurin ƙarin kai biyu, washegari yana rataye a kwata. Haka shanu masu ciki. Duk dillalin da ya shekara talatin a kara, tun zamanin kasuwar PK13, ya tsaya ya kwatanta abin da yake taɓawa da da abin da yake taɓawa yanzu. In garken gida ya lalace, dogaronmu ya koma kan shanun Cadi da Sudan kaɗai, kuma mun ga abin da ya faru da farashi lokacin da Cadi ta rufe iyaka a Mayun 2014. Mai cin irin shuka da rani, me zai kai gona da damina?

Shawararmu ita ce ƙungiya ta yi tata afuwar. A sa dattawa uku, bafatake da mahauci da ardo, waɗanda idonsu ya san dabba. Duk bijimin da suka ce na iri ne, a tsayar da shi kasuwa ɗaya, a fara tallata shi ga makiyaya kafin mahauta. A buɗe littafi a ofis, ko da na 'yan makaranta ne: launinsa, shekarunsa, rugar da ya fito, sunan uwarsa in mai sayarwa ya sani, a ɗauki hotonsa da wayar nan da ake yi mana gori a kanta. Wanda ba shi da kuɗin saye, Fulani suna da al'adar haɓɓanaye ta ba da aron dabba, sai ƙungiya ta saya ta ba da aro da shaidu, in ya gama aiki ya dawo a sayar. A nemi ƙungiyar makiyaya ta FNEC su shigo ciki, tunda su ne ke da mutane a daji.

Za a ce wa zai ɗauki asarar mako guda, ga ciyawa, ga kuɗin tsaro, ga jarin mutum a ɗaure? Tambaya ce ta gaskiya, ba kuma za mu ce a ɗora wa bafatake ɗaya ba. Dala ɗari a kan kowane kai da aka sayar, wato sefa 500, bai kai abin da ake zubarwa a shinge guda a hanya ba, kuma zai riƙe asusun. Za a kuma ce ai mu ba masu faɗa muke nema ba. Haka ne. Mutanen Sifaniya zafin rai suke zaɓa, mu kuwa ƙafa da nono da nama da jure sammore. Ma'auninmu daban, littafin ne ɗaya.

Hawan ƙaho kuma a dawo da shi ya zama abin da zai tara jama'a ranar. Jajibirin Babbar Salla, a filin kara, a gayyato gwanaye daga Najeriya ko Nijar su nuna wa yaranmu, da sharaɗin ba duka, ba wuƙa a fage, ba rantsuwa da laya, igiya kuma a hannun manya. A ranar ne za a zagaya da bijiman da aka yi wa afuwa a shekarar, a kira sunan kowanne da na uwarsa da na makiyayin da ya rene shi, a ba shi tukwici a gaban mutane.

Abin da ya rage shi ne inda za a tsare bijiman a makon jira, domin kusa da Bangui akwai ƙudan tsando, garke mai katanga kuma sai da izinin hukumar dabbobi. Muna roƙon sakatare ya sa maganar a jerin abin da za a tattauna a taro mai zuwa, 'yan uwa na ƙetare kuma da suka taɓa ganin irin wannan tsari a kasuwanninsu su aiko da bayani ta hannun direbobi kafin ranar.