Sabon Farantin Sola: Karko Ne Ma'aunin Riba

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na ɗaya daga cikin shekarun da suka fi wahalar da 'yan kasuwa, wato 2023, masu shaguna a Lamorde da sauran unguwannin Mubi suka ƙara karkata ga wutar sola domin rage kuɗin janareto. Saboda haka ya kamata su san abin da ke tafe a wannan fanni.

Yawancin farantan da ke kasuwa da silikon ake yin su, kuma silikon ba ya iya mayar da fiye da kimanin kashi 29 cikin ɗari na hasken rana zuwa lantarki. Wannan ne ya sa masana suka juya ga wani sinadari mai suna ferobskait. A 2009, lokacin da Tsutomu Miyasaka ya fara gwada shi a Japan, kashi 3.8 kawai ya bayar. Yanzu ya haura kashi 26, idan kuma aka shimfiɗa shi a kan silikon yakan wuce kashi 33. A 2024 kamfanin Oxford PV ya fara sayar da irin waɗannan farantai masu hawa biyu.

Sai dai ferobskait yana da rauni. Zafi da danshi suna lalata shi, kuma akwai dalma a cikinsa. Masana na ƙoƙarin ƙarfafa shi ta hanyar sauya sinadaran haɗinsa, kamar sanya siziyam, da kuma rufe shi tsakanin gilasai yadda iska ba za ta shiga ba.

A nan ne lissafin ɗan kasuwa yake. Farantin silikon mai kyau yakan zo da garantin shekara 25. Wanda ya fi shi ba da wuta amma ya mutu cikin shekara 5, asara ce, domin sai an saye shi sau biyar.

Don haka bai kamata masu shigo da kaya su yi cinikin biri a sama ba. Wajibi ne su nemi garanti a rubuce. Ya kuma dace Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Mubi da Jami'ar Jihar Adamawa su jarraba farantan cikin zafin bazara, ƙurar hunturu da ruwan damina, sannan hukumomi su tanadi hanyar tattara waɗanda suka lalace saboda dalma. Gani ya kori ji.