Hasken Kwezar Da Ruwan Rijiyarmu: Darasi Ɗaya Ne

'Yan uwana ɗalibai, duk lokacin da aka ambaci ilimin sararin samaniya, sai wani ya ce, "To, me zai ƙare mu da shi?" Ni dai ra'ayina, mu ɗaliban kimiyya da fasaha ba mu da hujjar faɗin haka.

Mu ɗauki kwezar. Ita tsakiyar wani gungun taurari ce mai nisa, inda ƙaton baƙin rami ke haɗiye iskar gas, gas ɗin ya yi zafi har haskensa ya zarce na gungun gaba ɗaya. A 1963 Maarten Schmidt ya gano nisan wadda ake kira 3C 273, kuma haskenta ya shafe sama da shekara biliyan 2 kafin ya iso gare mu. Wasu kwezar suna feso gas da gudun da kan wuce kilomita 10,000 a daƙiƙa guda. Da farko an ɗauka masu ƙarfin siginar rediyo ba sa nuna irin wannan feshi, sai binciken FIRST a Amurka ya samo guda a 1997.

Ta yaya aka san gudun abin da ba wanda ya je kusa da shi? Gas ɗin yana shanye wasu launukan hasken, ya bar duhu a gurbinsu. Gurbin ne ke faɗa mana sinadarin, kamar kabon ko silikon. Gocewarsa zuwa ɓangaren shuɗi kuma ke nuna gas ɗin na nufo mu, da irin gudunsa.

Kun gane? Ai wannan shan hasken ne muke haddacewa a dokar Beer-Lambert don jarrabawa kawai. Da shi ake auna dalma a ruwa da ƙasa. A 2010 gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara, a ƙauyukan da ake haƙar zinariya. Mu ma a kudancin Kano akwai ma'adinai a Riruwai. Wa zai auna mana ruwan rijiya in mun fita da takardar diploma ba mu fahimci na'urar ba?

Kuma ba baƙon ilimi ba ne a wurinmu. Muhammad al-Kashnawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira a 1741, masanin lissafi da taurari ne. Yau Gana ta mayar da tsohon faifan sadarwa na Kuntunse na'urar sauraren sama tun 2017, Najeriya kuma na da cibiyar nazarin sararin samaniya a Nsukka.

Shawarata ga ƙungiyarmu: a kafa kulob ɗin kallon taurari. Garinmu Burumburum, a Tudun Wada, yana da abin da birnin Kano ya rasa, wato duhun dare. A bi mu can lokacin hutu, a gayyato 'yan sakandare daga Kiru da Bebeji da Doguwa, a fara da Kaza da 'Ya'yanta, a ƙare da gwajin ruwa. Kuɗin mota kawai za a nema, kuma wallahi bai kai na liyafar yaye ɗalibai ba.